Yadda Auta ya amsa wa alƙali da kansa a zaman rabon gado

Bayan sadakar arba'in ɗin Baba, Baffa ya tara mu a falon Umma don a yi maganar gado. Abin da Baba ya bari ba shi da yawa: gidan da muke ciki a nan Kano, shaguna biyu a jikin gidan ta bakin titi, sai gona a wajen Bichi. Lissafin ma ba mai wuya ba ne. Umma tana da tumuni, ragowar a kasa shi bakwai, maza biyu kowa kashi bibbiyu, mu mata uku kowa kashi ɗaya. Da aka zo kan Auta, sai Baffa ya ce, "To shi wannan bawan Allah, sai a haɗa nasa da na yayansa ya riƙe masa. A kotu ma haka za a rubuta, tunda ba shi da baki." Kowa ya gyaɗa kai. Auta yana zaune a kekensa a bakin ƙofa, shekararsa 24, kuma babu abin da bai ji ba.

Shawara ce ta kama shi tun kafin a yi suna. Idonsa ya koma ruwan ɗorawa, tsofaffi suka ce a riƙa shanya shi a hantsi ana ɗura masa ruwan gulukos. Kayan jaririn kuwa a cikin akwati suke, an zuba musu kafur don ƙamshi da korar kyankyasai. Daga baya likitoci suka yi wa Umma bayanin cewa kafur yana fasa ƙwayoyin jinin jariran da aka haifa da ƙarancin wani sinadari mai suna G6PD, abin da ya fi yawa a tsakanin 'ya'ya maza, kuma ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Idan jinin ya farfashe, sinadarin bilirubin mai sa ido ya yi ɗorawa ya taru, sai ya haura ƙwaƙwalwa. Da an kai shi da wuri, kwantar da shi ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske zai iya wadatarwa. Ko da aka kai shi, ɓarnar ta riga ta auku. Inda irin wannan shawara ta fi taɓawa shi ne sashen da ke sarrafa motsi, da ji, da ɗaga ido sama. Tunani sau da yawa yana nan lafiya lau. Haka Auta ya taso: hannuwansa suna tafiya inda suka ga dama, harshe ba ya yi masa biyayya, ba ya iya kallon sama da kyau, kuma idan mutane suka yi yawa suna magana a tare, zancen yakan ɓace masa. A unguwa har akwai masu ce masa ɗan ruwa. Baba bai taɓa ƙyale kowa ya faɗi haka a gabansa ba.

Mu a gida mun san yana da hankali. Idan ba ya son abu, leɓensa na ƙasa yake turowa. Idan Kano Pillars ta ci wasa a rediyo, har maƙwabta sai sun ji ihunsa. Shekara da shekaru yana zaune gefen Baba a ƙofar shago, ana ciniki a gabansa, ana ƙirga kuɗin haya a gabansa. Amma wannan sanin a cikin gida ya tsaya. Ba abu ne da za ki ɗauka ki ajiye a gaban alƙali ki ce ga shi ba.

Na roƙi Baffa a ɗan jinkirta zuwa kotu. Ya ce, "'Yar nan, ai ba cin dukiyarsa za a yi ba." Na ce, "Baffa, na sani. So nake a tambaye shi." Ya yi shiru, sannan ya ce in gwada abin da zan iya, amma kada a wuce damina.

Mai yi masa gashi a asibiti ce ta haɗa mu da wata ma'aikaciya mai koyar da magana, daga cikin 'yan ƙalilan da ake da su a garin nan, wadda yawancin masu zuwa wurinta tsofaffi ne da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa baki. Da muka shiga, Auta ta fara gaisarwa, ta durƙusa daidai fuskarsa ta faɗa masa sunanta da aikinta. Ni sai daga baya ta juyo gare ni. Ba ta ce za ta sa shi ya yi magana ba. Ta ce aikinmu shi ne mu samar masa hanyar da kowa zai gane amsarsa, har wanda bai taɓa ganinsa ba. Irin waɗannan hanyoyi da ke tallafa wa magana ko su maye gurbinta, masana suna taƙaita sunansu da AAC, kuma sun haɗa tun daga kati da allon hotuna har zuwa kwamfutar da ake sarrafawa da ido.

Da "eh" da "a'a" aka fara. Ta yanko kwali biyu, kore da ja, ta sa ɗaya a damarsa ɗaya a hagunsa, ƙasa-ƙasa a kan katakon da muka ɗora a hannun keken, saboda matsalar ɗaga ido. Kallon kore eh ne, kallon ja a'a. Ta riƙa jefa masa tambayoyin da ta san amsarsu: Wannan yayarka ce? Yau Juma'a ce? Kai mace ce? A nan ya kalli ja, ya kuma turo leɓe. Tana sauya wa katunan gurbi ba tare da ta faɗa ba, don ta tabbata launin yake bi, ba wuyansa ne ke karkata gefe ɗaya ba. Sannan ta ƙara kati na uku, fari, a tsakiya, ma'anarsa "ba abin da nake nufi ke nan ba". Ta ce idan babu wannan, duk tambayar da muka yi tarko ce, dole ya zaɓi ɗaya daga cikin abubuwa biyun da mu muka kawo.

Daga nan sai littafi. Na bi gida da unguwa da wayata ina ɗaukar hotuna, na kai shagon kwamfuta aka buga, aka manne su a leda mai kauri saboda miyau da ruwa. Kowane shafi gida shida ne, manya-manya, da tazara a tsakani don a gane inda idonsa ya sauka. Shafukan farko da na kai mata na abinci ne da ruwa da banɗaki da ciwo. Ta duba ta ce waɗannan ai ana ba shi ko bai tambaya ba. Ina mutane? Ina wurare? Ina "ban yarda ba", "ƙyale ni", "ƙarya ne", "me ya sa", "nawa ne"? Ina shafin da zai ce wani ya cuce shi? Muka ƙara shafin fuskokin dangi da maƙwabta, shafin masallaci, shafin kasuwa, shafin lokaci mai hoton rana da jinjirin wata, da shafin takardun kuɗi tun daga murtala har zuwa dubu. Duk abin da na kashe bai kai kuɗin turmin atamfa ɗaya ba. Wannan yana ci mini rai har yanzu, in na tuna shekarun da suka wuce babu wanda ya taɓa gaya wa Baba da Umma akwai irin wannan abu.

Yadda ake amfani da shi: in buɗe shafin farko mai jerin shafuka, in riƙa nuna su ɗaya bayan ɗaya ina faɗin sunansu da murya iri ɗaya, ba tare da na ja wani ko na danna wani ba. Idan na zo kan wanda yake so, sai ya kalli kore. Mu shiga wannan shafin, mu sake bi gida-gida. In na fahimci saƙon, sai in maimaita masa in tambaya, "Haka ne?" Abin da ya fi wuya shi ne jira. Jikinsa yana ɗaukar lokaci kafin ya aiwatar da abin da ya riga ya yanke, kuma idan ya ƙagu jikin sai ya ƙara sandarewa. Ma'aikaciyar ta ce in ƙirga goma a zuci kafin in sake buɗe baki. Umma ta fi kowa shan wahala da wannan, don ta saba ta cika masa zance tun bai fara ba, saboda tausayi.

Akwai doka ɗaya da ta kafa mana ba sassauci: kada a riƙe masa hannu, kada a tallabe masa gwiwar hannu, kada a motsa littafin yana cikin zaɓe. Ta ba mu labarin wata dabara da ta bazu a Amurka a farkon shekarun 1990, inda mai taimako yake riƙe hannun wanda ba ya magana suna nuna haruffa tare. Da aka zo gwaji, aka nuna wa mai lalurar hoto ɗaya, aka nuna wa mai taimakon wani daban, sai abin da mai taimakon ya gani ne ke fitowa, alhali shi kansa bai san shi ke tura hannun ba. Ƙungiyar masu koyar da magana ta Amurka, ASHA, ta fitar da matsaya a 2018 cewa kada a yi amfani da dabarar. Na riƙe wannan sosai, domin idan muryata ce za ta fito ta cikin littafin, to ba abin da ya bambanta ni da tsarin da Baffa ya kawo.

Gidan da ya fi kallo a makonnin farko shi ne "nawa ne?" Nawa aka sayo gas, nawa ne kuɗin magani, nawa mai shagon ɗinki yake biya.

Ta ɓangaren shari'a, wurin aminin Baba na fara zuwa, malamin zaure da ke karantar da littattafan fiƙihu bayan asuba. Na kai masa hujjar da Baffa ya riƙe, ayar bashi ta 282 a Suratul Baƙara, inda aka ce idan wanda ake bi bashi wawa ne ko mai rauni ko ba zai iya shiftawa da kansa ba, waliyyinsa ya shifta da adalci. Malam ya ce ayar gaskiya ce, amma ta sa sharaɗin rashin iyawa, kuma wanda ishararsa ake fahimta ya iya. Ya ce a wurin malaman Malikiyya isharar bebe da aka fahimta tana tsayawa a matsayin furuci, a ciniki da aure da saki, har shaidarsa ana karɓa. Rashin magana ba ya cikin dalilan da ake hana mutum juya dukiyarsa. Dalilan su ne irin su ƙuruciya da hauka da wauta wajen kashe dukiya. Sannan ya karanto aya ta 6 a Suratun Nisa'i, wadda ta ce a jarraba marayu, idan an ga shiriya a tare da su a miƙa musu dukiyarsu. Ya ce, "Kin ga, jarrabawa aka ce. Wa ya jarraba shi?"

Ya ƙara mini da hadisin Anas da ke cikin Bukhari da Muslim, na yarinyar da aka samu an rotse mata kai da duwatsu, ba ta iya magana. Aka riƙa ambata mata sunaye ɗaya bayan ɗaya, wane ne ya yi miki haka, wane ne, wane ne, har aka zo kan wanda ya aikata, ta yi nuni da kanta. Aka kamo shi ya amsa laifinsa. Tsigar jikina ta tashi, don ainihin abin da muke yi da littafi ke nan, jero zaɓi a jira ishara. Kuma ya sa na tuna 'yan mata marasa magana da ake lalatawa a unguwanni, mai laifin yana yawonsa hankali kwance saboda ya tabbata ba za su iya faɗin sunansa ba. Shafin fuskoki da katin "wani ya cuce ni" kariya ce ta gaske, kuma ina ganin duk gidan da ke da mai irin wannan lalura ya kamata a fara da shi.

Wata lauya mai aiki da masu buƙata ta musamman ce ta taya ni rubuta takardar neman izini ga kotu. Ita ta sanar da ni cewa Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Masu Nakasa ta 2006, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2010, ta lissafa irin littafin Auta cikin abin da ake kira sadarwa tun a sashe na 2. Sashe na 21 ya ce mutum yana da 'yancin bayyana ra'ayi ta hanyar da ya zaɓa kuma hukuma ta karɓa, sashe na 12 ya ce matsayinsa a gaban doka daidai yake da na kowa, a tallafa masa ya yanke hukunci da kansa. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 176, ta yarda wanda ba ya iya magana ya ba da shaida da rubutu ko ishara a bainar kotu, a ɗauke ta kamar da baki ya faɗa. Ta ambaci waɗannan a takardar, amma ta ce tunda maganar gado ce a kotun shari'ar Musulunci, hujjojin Malam ne za su fi yin aiki, don haka su ta sa a gaba. Muka haɗa da rahoton likita da na mai koyar da magana. Muka roƙi abu uku: a bar shi ya shiga da littafinsa, a saurare shi a lokacin da babu hayaniya, a ba shi isasshen lokaci.

Kafin ranar, sai da na tabbata ya san abin da za a tambaye shi. Na ɗauko dabino takwas, na ware wa Umma ɗaya, Yaya biyu, shi biyu, mu ɗaya-ɗaya. Muka ɗauki hayar mota muka kai shi gonar Bichi ya gan ta da idonsa. Da masu ƙiyasi suka gama aikinsu, Yaya ya zauna ya karanta masa darajar kowane abu, sannu a hankali, yana fuskantarsa. Ni na nemi Yaya ya yi wannan, kuma ranar ce ya fara riƙe littafin da hannunsa.

Kotun matakala ce da ita, babu gangaren keke, sai da Yaya da wani saurayi suka cicciɓe shi da keken gaba ɗaya. Dokar hana nuna wa masu nakasa wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara, wa'adin kuma ya cika. Alƙalin ya karanta takardarmu, ya sa aka bar mu a ƙarshe bayan jama'a sun watse. Ya dubi Auta, ya dube ni, ya ce, "Wa zai yi magana a madadinsa?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, shi zai amsa da kansa." Na nuna yadda katunan suke aiki. Sai ya ce in fita waje, ni da sauran dangi, magatakarda ya riƙe katunan.

Abin da ya gudana a ciki daga baya magatakardan ya ba mu labari. An nuna masa naira 200 da naira 500 aka tambayi wadda ta fi yawa. An tambaye shi ko mahaifinsa yana raye. An tambaye shi ko kasonsa ya fi na Yaya, ya ce a'a, ko bai kai na Yaya ba, ya ce a'a. Alƙalin yana juya tambaya ɗaya ta fuska biyu don ya ga ko amsar za ta ci karo. Da aka kira ni, sai ya ce ya nuna wa Auta wani abu ya mayar aljihu, yana so Auta ya faɗa mini ko mene ne. Hannuna yana rawa na buɗe littafin. Muka wuce shafin abinci, muka wuce na kasuwa, a shafin masallaci ya kalli kore. Darduma, a'a. Buta, a'a. Carbi, eh. Alƙalin ya sa hannu a aljihu ya fito da carbinsa ya ajiye a kan tebur. Baffa ya ce, "Allahu Akbar," ya sunkuyar da kai.

Daga nan da Auta alƙalin ya riƙa magana, yana kallonsa. Kana so a sayar da kasonka a ba ka kuɗi? A'a. Kana so a ba ka a cikin gona? A'a. A cikin shago? Eh. Wanne? Na mai ɗinki. Aka daidaita darajar shagon da kasonsa, abin da ya saura aka bar masa a cikin gida, ɗakin da yake kwana. Sannan alƙalin ya yi masa bayanin cewa tunda ba zai iya karɓar haya ko rubuta rasit da hannunsa ba, yana iya naɗa wakili, kuma wakilin nasa ne, duk ranar da ya ga dama zai iya sauke shi. Aka buɗe shafin fuskoki. Na nuna hoton Umma, a'a. Hoton Baffa, a'a. Na nuna hotona, ya kalli ja. Na nuna na Yaya, ya kalli kore.

Na so a ce ni ce, ba zan ɓoye ba. Amma Yaya ne ya san kasuwa, shi masu haya suke shakka, kuma Auta ya yi shekaru yana kallon wannan daga ƙofar shago. Alƙalin zai rufe zancen sai Auta ya kafe idonsa a kan farin kati. Muka koma littafi. Shafin kasuwa, "nawa ne?" Shafin lokaci, jinjirin wata. Alƙalin ya ce, "Kana nufin duk wata a zo a yi maka lissafi?" Kore. Ya sa magatakarda ya rubuta shi a matsayin sharaɗin wakilcin. A takardar da muka karɓo, sunan Auta ne a kan shagon, kuma an rubuta cewa kotu ta jarraba shi ta same shi da cikakken hankali, ta karɓi bayaninsa ta hanyar ishara.

Wanda bai san abin ba zai ce ai Yaya ne dai yake riƙe da kuɗin, kamar yadda Baffa ya faɗa tun farko. Amma duk ƙarshen wata Yaya yana zuwa da littafin haya ya zauna a ƙasa gaban keken ya karanta. Da mai ɗinki ya nemi a ɗaga masa ƙafa wata biyu saboda rashin lafiyar matarsa, Yaya ya ce masa, "Ba nawa ba ne, shiga ka tambayi mai shi." Ya shiga ya tambaya, aka kuma ɗaga masa. Da Yaya ya kawo shawarar a ƙara kuɗin haya, Auta ya ƙi, ba a ƙara ba.

Yanzu haruffa muke koyo, don hoto yana da iyaka, duk abin da ban ɗauka da wayata ba ba zai iya faɗinsa ba. Ya riƙe haruffan farko na sunayen 'yan gida, kuma muna amfani da su idan wanda yake nufi ba ya cikin shafin fuskoki. Inda muka maƙale shi ne banki. Mun je a buɗe masa asusu da sunansa, ma'aikacin ya ce tunda ba zai iya sa hannu ba kuma ba zai amsa tambaya da baki ba, gara Yaya ya buɗe da nasa sunan. Na nuna takardar kotu, ya ce ba shi da hurumin karɓar ta. Na'urar ɗaukar zanen yatsa ta BVN ma ta ƙi ɗauka saboda motsin hannun, kuma babu wanda ya yi haƙurin a sake gwadawa bayan jikinsa ya saki. Lauyar ta rubuta wa manajan reshen, ta tunatar da shi cewa dokar hana nuna wa masu nakasa wariya ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfanin da ya nuna wa mutum wariya saboda nakasa. Idan ba su amsa ba, ƙorafin zai tafi Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa da aka kafa a 2020, kuma da sunan Auta za a shigar da shi, don an tambaye shi ya ce a kai.